Ranar da na ajiye wa yarona inhela mai ruwan ƙasa

Salam 'yan uwa. Autana shekararsa 7, tun yana da 4 muke fama da asma, nan Aboabo a Kumasi tsofaffinmu fuka suke ce mata. Da farko ni tari na ɗauka, irin na dare wanda ba ya jin sirop, wajen asuba sai ka ji ƙirjinsa na fito, zuma da citta da lemon tsami kam ya sha su har ya gaji.

Sai da muka je asibitin Komfo Anokye wata nas ta zaunar da ni ta zana min a takarda. Tace maman yaro, hanyoyin iska a huhu kamar bishiya ce aka kifa, maƙogwaro ne gindin, rassa na ta rabuwa suna ƙanƙancewa. Mai asma cikin rassan nan a kumbure yake ko da yana wasansa lafiya lau, to da zarar ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa su sai naman da ya naɗe su ya matse, majina mai kauri ta toshe ɗan wurin da ya rage, iska ta shiga da kyar, fitarta kuma ta fi wuya, wannan fiton da kike ji kenan.

Inhela biyu aka ba mu, wato maganin da ake fesawa a baki a shaƙa. Shuɗi, salbutamol, yana sake matsewar cikin 'yan mintuna. Mai ruwan ƙasa, beclomethasone, safe da dare kullum, shi ke sauke kumburin a hankali, in ya shaƙa ya kuskure baki.

To anan na yi kuskure wallahi. Wata biyu ba tari ba komai, maƙwabta na ta cewa zai saba da shi ya kasa rayuwa sai da shi, ni ma ban ga aikin mai ruwan ƙasan da idona ba, na ajiye. Disamba hunturu ya sauko Kumasi da ƙurarsa, na kunna maganin sauro na hayaƙi na rufe taga, ƙarfe 3 na dare na hura gawayin koko a bakin ƙofa yadda na saba. Sai na ji shi. Yana zaune ya dafa gwiwa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, kiran Umma ma ya kasa ƙarasawa. Na ba shi shuɗin bai sake shi ba, babansa ya taro pragya, keken haya mai ƙafa uku, muka yi asibiti, aka sa masa nebulaiza, na'urar da ke mai da magani kamar tururi ya shaƙa, da oksijin, kwana 2 muka yi. Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi.

Likitan bai min faɗa ba, cewa kawai ya yi shuɗin matsewa yake saki, kumburin na nan inda yake. Kuma in ana buƙatar shuɗin fiye da sau 2 a sati a dawo a duba shi, in kuma magana ta gagara ko leɓe ya canza kala kar a jira gari ya waye.

Ashe yadda nake fesa masa ma rabi a harshe yake tsayawa. Suka nuna min sifesa, bututun roba da ake cusa inhelan ta baki ɗaya ya shaƙa ta ɗayan, in babu a huda gindin robar ruwa ta rabin lita a cusa bakin inhelan, a girgiza, fesa ɗaya, ya ja numfashi kamar sau 5 kafin na gaba.

Yanzu gidan sauro muke kwana, murhun koko ya koma can bayan gida, in hunturu ya yi ƙarfi da takunkumi yake zuwa makaranta. Mai ruwan ƙasan na ɗaure shi da buroshin haƙorinsa da roba don kar mu manta.