Hoton haihuwar Yesu: inda na tsaya wannan satin

Ƴan uwa masu koyon zane, barkanku da sanyi. Hoton haihuwar Yesu da nake so in gama kafin Nowel ya ɗan matsa, katakon ya sha farin alli da ƙaro na goge shi ya yi sumul, yanzu ina kan kala.

Fentin kanti na aje shi gefe, na bi hanyar masu zanen majami'un Girka da Rasha: kwanduwar ƙwai da ɗan ruwa a dama da garin kala. Jar ƙasa, garin gawayi, sai bula da na sayo a babbar kasuwa. Amma fa iskar hunturun Maradi ba ta jira, kafin ka juya ta bushe cikin murfin kwalba, don haka ku dinga dama kaɗan kaɗan. Kuma da duhu ake farawa, fuska ma da kala mai duhu za ka shafe ta tukuna sannan kana ƙara haske bisa goshi da hanci da kumatu har ta fito.

Abin da ke cin kaina shi ne jaririn. Ta yaya mai kallo zai gane Allah ne ya zama mutum, ba jaririn maƙwabta ba? Zoben haske mai gicciye a ciki da ake zagaye kai da shi, wanda Yesu ake ma shi, ya ɗauke rabin aikin. Ɗayan rabin kuma na same shi a tsoffin hotunan Girkawa, can ƙasa a kusurwa za ka ga mata biyu suna yi ma jaririn wanka, ɗaya ma tana taɓa ruwan ta ji zafinsa. Kai wannan ya burge ni! Wanda ake ma wanka ai jiki gare shi na gaske, yana jin sanyi. Hujjar Yohanna na Dimashƙu, wani malamin Kirista na da, ke nan lokacin da ake farfasa hotuna a daular Rumawa ta gabas, tunda Allah ya ɗauki jiki an gan shi da ido to ana iya zana shi, kuma taron shugabannin coci da aka yi a garin Nikiya a shekara 787 ya tsaya a kan haka.

Ni dai a nawa ungozomar da zane da kallabi na yi ta, ruwan a ƙwarya, fatar kowa baƙa. Wani a ajinmu ya ce ba haka Baitalami take ba. Gaskiyarsa, amma an yi irin haka da mutanen Mafa na arewacin Kamaru tun wajen 1973, Yesu cikin bukkokinsu da tufafinsu, Habashawa kuwa sun daɗe suna yi, da manyan idanun da suke ma mutanen cikin zanensu.

Saura hannun Maryamu da kunnen jaki. Wanda ya san dabarar hana bula yin fari in ta bushe ya taimaka mini, mayafinta sai kashe ni yake.