Ranar da na bar wayata a Aboabo

A kasuwar Kejetia da ke Kumasi na tsinci wani littafi, wajen wani dattijo da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Bangon ya yage, takardun sun yi ja. Labarin samarin Amurka ne da suka juya wa rayuwar iyayensu baya, suka hau hanya daga gabashin ƙasarsu zuwa yamma, ba aiki, ba masauki. Kwana uku na yi ina karanta shi da hasken waya, ƙannena biyu suna barci a gefena.

Akwai abin da raina bai so ba. Yadda suke kambama shaye-shaye ya dame ni, don na ga abin da tiramadol ya yi wa yaran da muka yi makarantar allo tare. Matan da suke bari da goyo a kowane gari kuwa, marubucin ko waiwayensu ba ya yi. Amma duk da haka na kasa ajiye littafin.

Abin da ya kama ni shi ne mutanen nan suna iya ɓacewa. Mutum ya yi wata guda ba wanda ya san inda yake, sai in ya ga dama ya aiko da wasiƙa. Ni ko minti goma na yi ban amsa saƙo a WhatsApp ba, sai wani ya kira ya ce ai ya ga na karanta.

Na bi diddiginsu a intanet. Na ga yadda na bayansu suka cika San Francisco a 1967, suna ƙin yaƙin Vietnam, suna ƙin bautar kuɗi. Sai na tuna 2020, lokacin da samarin garin nan suka raɗa wa Kumasi suna Kumerica, kowace unguwa aka ba ta sunan wani wuri a Amurka. Ni ma na yi wannan yayin da zuciya ɗaya. Ashe gidan da muke leƙe ta katanga, 'ya'yan gidan sun taɓa tsallake katangar suna gudu. Na kuma karanta cewa Steve Jobs ya tafi Indiya neman natsuwar rai a 1974, bayan shekara biyu suka kafa Apple, kamfanin da ke ƙera wayar iPhone. Na daɗe ina kallon wayar da ke hannuna.

Ran Asabar na kashe ta, na tura ƙarƙashin filo, na fita da ƙafa daga unguwarmu ta Aboabo. Na ratsa Asawase har Manhyia, na gangara Adum. Na zauna wajen wata mai waake, wato shinkafa da wake, muka yi hira kan tsadar shinkafa. Na ji kiran sallar la'asar tun daga farkonsa har ƙarshe, abin da na manta rabon da in yi. Sau da yawa hannuna ya tafi aljihu ya dawo.

Da na koma bayan magariba, Mma na zaune a bakin ƙofa, ko abinci ba ta ci ba. Ta aika ƙanena gidajen abokaina uku.

"Ina ka shiga tun safe?"

"Yawo na je, Mma."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in zan sake, in faɗa mata kafin in fita. Na ce to. Asabar mai zuwa zan je tafkin Bosomtwe, kuma na riga na gaya mata.