Hankali, Hujja da Manɗiƙi: Kalmomin da Muke Auna Tunani da Su

Idan Bahaushe ya ce wane mai hankali ne, sau da yawa halinsa yake yabo. Yana nufin mutumin yana da natsuwa, yana girmama na gaba da shi, kuma ba ya tsoma baki a inda ba a neme shi ba. Yaron da ya rusuna ya gaida baƙo ana ce masa mai hankali ko da bai taɓa warware wata matsala ba. Saboda haka kalmar ba ta wadatar a lokacin da ake son bayyana wanda yake jera magana bisa tsari, kowace gaɓa tana ɗaukar ta gabanta, har a kai ga sakamakon da ba shi da makawa. Wayo ma bai dace ba, domin yana ɗauke da ƙanshin cuta, ita kuwa basira saurin ganewa ce, kuma mai basira yana iya gano gaskiya ya kasa nuna hanyar da ya bi.

A ganina kalmomin da suka fi kaifi a wannan fage daga wurare biyu suka shigo bakinmu, wato kotun alƙali da zauren malam. A maganar yau da kullum dalili shi ne abin da ya sa aka yi abu, hujja kuwa ita ce abin da ake ajiyewa a gaban abokin jayayya ya rasa ta cewa. Mutum biyu suna rikici a kan iyakar gona, ɗaya ya ce ya matsar da shingen ne saboda tun yana yaro yake jin cewa kukar nan a cikin gonarsu take. Wannan ya kawo dalilinsa, amma alƙali zai tambaye shi takardar ciniki, ko dattawan da suka halarci rabon gado, ko maƙwabcin da ya ga ranar da aka kafa iyakar. Ƙa'idar da ake bi tana cikin hadisi na 33 a Arba'una Hadisi na Imam Nawawi, cewa kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa kuwa tana kan wanda ya musa. Gaskiya ne malamai suna cewa dalili suna nufin aya ko hadisin da aka kafa hukunci a kai, kuma a wannan ma'anar kalmomin biyu sun haɗu. Duk da haka yawancin gardandamin da nake gani a shafukan sada zumunta suna ƙarewa ne a kan wannan ruɗani: mutum ya faɗi abin da ya sa ya yarda da magana, sai ya ɗauka ya tabbatar da ita.

Daga zaure muka sami ƙiyasi, wanda a kasuwa ya koma kintace kawai, kamar a ce a yi ƙiyasin buhu nawa gona za ta bayar. A wajen malaman usulu, masu nazarin tushen hukuncin shari'a, yana da rukunai huɗu: asali, reshe, illa (wato sababin hukuncin) da hukunci. Giya ce asali, hukuncinta haramci, illarta gusar da hankali. Duk wani sabon abin sha da aka samu yana gusar da hankali reshe ne, kuma hukuncin giya ya hau kansa. Amfanin wannan tsari shi ne yana tilasta mai magana ya nuna illar da ta haɗa abubuwan biyu. Idan ya kasa, sai a ce ya yi ƙiyasi tare da bambanci, hukuncin da ya dace da rabin kwatancen da ake yi a muhawarar siyasa.

Fannin da ya keɓanta da wannan aiki shi ne manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shaihu Muhammad al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta waƙe a kan fannin, kuma ya yi musayar baitoci da Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin haramun ne a karance shi. Bayansu, Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, mai littafin Ahalari da ɗaliban zaure suke karantawa a farkon karatun fiƙihu, ya tsara waƙensa na manɗiƙi mai suna Sullam a shekara ta 941 bayan Hijira. A ciki ya kawo ra'ayoyi uku: Ibn Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halaccinsa ga mai lafiyayyar fahimta da ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Ina ganin abin takaici ne cewa Ahalari ya shiga kowane gida, ɗan'uwansa Sullam kuwa ya tsaya a hannun ɗalibai ƙalilan.

Inda Hausa ta fi yalwa shi ne wajen kushe gurguwar magana, kuma kowace kalma tana nuna cuta dabam. Shaci-faɗi magana ce da aka yi ba tare da bincike ba. Kame-kame aikin wanda hujja ta ƙare masa ne, yana damƙar duk abin da ya zo hannu. Soki-burutsu ba shi da kai ba shi da gindi tun daga farko. Tufka da warwara ta fi su tsanani, domin ita ce manɗiƙi ke kira karo da juna: mai maganar da kansa ya rushe a ƙarshe abin da ya gina a farko, kamar shaidan da ya ce dare ne bai ga fuskar ɓarawon ba, sannan da aka matsa masa da tambaya ya siffanta tsagen da ke kumatunsa.