Daƙiƙa 11 da Na Yanke Daga Muryar Wani Yaro

A ƙarshen makon nan zan miƙa rakoda da katin shaidar aiki, in bar teburin labaran kotu da binciken laifuka bayan shekara 14 ina kansa. Abokan aiki sun nemi in rubuta wa masu tasowa abin da na koya, kuma na san abin da suke sa ran gani shi ne yadda ake samun majiya da yadda ake jure zaman kotu daga safe har la'asar ba tare da an kira shari'ar da mutum ya zo dominta ba. Wannan duk wanda ya yi wata shida a bakin aiki zai iya gaya musu. Abin da ni kaɗai zan iya faɗa shi ne labarin daƙiƙa 11 da na yanke da hannuna daga muryar wani yaro, a shekarata ta uku da kama aiki.

An kashe wani dattijo mai shagon kayan masarufi a wata unguwa da ke wajen ganuwar Kano. Da asuba aka same shi a cikin shagon, inda yakan kwana duk ranar da aka sauke masa kaya. Kafin in isa wurin, rabin unguwa sun shiga sun fita, an ɗauke gawar, wata baiwar Allah kuma ta wanke jinin da ruwa da omo don kada iyalinsa su gani, aka yi jana'iza kafin azahar ba tare da likita ya duba shi ba. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, domin gaggauta suturta mamaci abu ne da muka tashi a kansa, amma duk abin da zai iya nuna wanda ya shiga shagon a daren ya bi ruwan omon nan. Abu uku na samu na rubuta a littafina. Malamin da ya yi wa marigayin wanka ya gaya min babu yanka ko suka a jikinsa, rauni ɗaya ne a ƙeya, kamar an buga masa ƙarfe ko taɓarya. Ba a fasa ƙofa ba. Sannan kuɗin ciniki suna nan a durowa, abin da aka rasa shi ne wayarsa da littafin da yake rubuta masu bashi.

A rana ta huɗu aka kira mu holen waɗanda ake zargi. Cikin waɗanda aka zaunar a ƙasa har da yaron shagon, ɗan shekara 19, wanda aka ce ya amsa laifinsa. Na lura ba ya iya miƙe ƙafarsa ta dama, kuma wuyan hannayensa biyu sun kumbura sun yi sulɓi. Na durƙusa na kai masa rakoda baki, na tambaye shi ko shi ya kashe maigidansa, ya ce, “Ni ne.” Na ce da me? Sai ya ɗaga ido ya dubi jami'in da ke tsaye a bayana kafin ya ce, “Da wuƙa.” Gabana ya faɗi, domin maganar mai wankan gawa tana cikin littafin da ke aljihuna. Na ce a ina ka soke shi? Ya yi shiru, ya sake duban bayana, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Yallaɓai, duk inda aka ce.”

Da na koma ɗakin labarai na kunna wa editanmu sautin, na nuna masa littafina, na ce ina ganin ko dai mu saka maganar gaba ɗayanta ko kuma mu bar muryar. Ban manta amsarsa ba har yau. Ya ce, “Malam, kai alƙali ne ko likita? Duk gidajen rediyon garin nan za su saka wannan murya da daddare. Idan ka saka wancan ƙarshen, gobe ba wanda zai ɗauki wayarka a wurinsu, kuma ba wanda zai gayyace mu. Je ka gyara min ita.” Na daɗe ina gaya wa kaina cewa shi ya sa ni, kuma gaskiya ne shi ya sa ni, amma ba hannunsa ne a kan kwamfutar ba. Ni na zauna na yanke tun daga “da me” har zuwa “duk inda aka ce”, na bar “Ni ne” tsaf, har na ɗan ɗaga sautin don ya fito da kyau. A daren Kano ta kwana da sanin wanda ya kashe dattijon.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya yi wannan aiki ya san shi. An kai yaron kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraron shari'ar kisan kai, aka aike da shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Jami'in da ya yi binciken aka yi masa canjin wurin aiki, kundin ya kwanta. Mahaifiyarsa ta bar unguwar cikin dare bayan an yi wa gidan da take haya ruwan duwatsu. Shekara shida ya yi a tsare yana jiran shari'a. Wani matashin lauya mai taimakon marasa galihu ne ya tono maganar, aka kai ta babbar kotu, aka yi abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a don a gano ko da son ransa ya yi furucin. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar furucin da aka samu ta hanyar azabtarwa, takardar da aka gabatar kuwa da Turanci aka rubuta ta, yaron bai iya karatun boko ba, dangwala yatsa kawai ya yi. Da kotu ta yi watsi da takardar sai aka duba ba a ga komai ba, ba wuƙa, ba rahoton likita, ba shaidar gani da ido, aka sallame shi.

Akwai wani ɓangare da na fi jin kunyarsa fiye da yankan. Duk tsawon shekarun nan cikakken sautin yana cikin wani filas a durowata, sai a shekara ta biyar na kai wa lauyan. Ya saurara sau biyu, ya cire abin kunne, bai yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: “Tun yaushe wannan yake hannunka?”

Ranar da aka sallami yaron, ina tsaye a harabar kotu ina magana a waya, sai wata tsohuwa da ke zaune a kan dakali ta ce, “Ɗan nan, zo.” Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, “Ban taɓa ganinka ba, amma na san muryarka. Kai ne ka ce ya amsa.” Na ce ni ne, Inna. Ta daɗe tana kallona, ta ce, “To yau ma za ka faɗa?” Na faɗa a daren, a labari na tara, cikin daƙiƙa 40, babu murya, domin editan ya ce tsohon labari ne. Holen kuwa minti huɗu muka ba shi a farkon shiri.

Na ɗauka zaluncin ya tsaya a kan yaron da mahaifiyarsa, sai bayan mako biyu babbar 'yar marigayin ta zo har ofis. Ba rigima ta kawo ta ba. Cewa ta yi shekara shida suna zaune da tabbacin cewa wanda ya kashe babansu yana kulle, yanzu kotu ta ce ba shi ba ne, to wane ne? A nan na fahimci ainihin ɓarnar. Daga ranar da aka ji “Ni ne” a rediyo babu wanda ya sake tambayar inda littafin bashi ya shiga, babu wanda ya nemi bayanan kiran da aka yi wa wayar a daren, babu wanda ya tambayi wa dattijon zai buɗe wa ƙofa da tsakar dare. Tambayoyin da za a iya amsawa cikin mako guda sun zama waɗanda ba za a iya amsawa ba, domin maƙwabta sun tashi, mai gadin layin ya rasu, shagon ya koma wurin cajin waya. Mutane suna ɗauka shari'ar kisa tana yin sanyi ne saboda daɗewa. A abin da na gani, yawancinsu a kwana uku ko huɗun farko ake kashe su, shekarun da ke biyo baya zaman makoki ne kawai.

Daga baya na karanta yadda aka fara amfani da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA a binciken kisa, na ga ashe abin da ya fara yi ba kama mai laifi ba ne, wanke wanda ya amsa laifi ne. A yankin Lesta na Ingila an kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986, wani yaro ɗan shekara 17 ya amsa cewa shi ya kashe ta biyun. Da aka kai samfurin wurin masanin kimiyya Alec Jeffreys na jami'ar garin, sai gwajin ya nuna mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, kuma ba yaron ba ne. Aka ɗebi jinin maza kusan 5,000 a ƙauyukan yankin, har aka gano Colin Pitchfork, wanda ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988. Abin da ya tsaya min a rai ba na'urar ba ce. Samfurin 1983 ne, da wani ya ɗauka ya adana shekara uku ba tare da ya san za a ƙirƙiro hanyar gwada shi ba. Mu kuwa ko da an kawo mana na'urar yau, me za mu saka a ciki? Jihar Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji a 2017, amma cibiya ba ta dawo da jinin da aka wanke.

Mu a garin nan ba baƙin irin wannan jira ba ne. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2007, a gaban mamu, ana gobe zaɓen gwamnoni, kuma har yau babu kotun da ta hukunta wani a kai. Dele Giwa, ɗan jarida irinmu, bam ɗin da aka aika masa cikin ambulan ne ya kashe shi a Legas ranar 19 ga Oktoban 1986. Bola Ige yana kan kujerar Ministan Shari'a na ƙasa aka kashe shi a gidansa na Ibadan ranar 23 ga Disambar 2001, waɗanda aka gurfanar kuma duk aka sallame su. Idan jinin waɗannan bai sami mai amsa shi ba, ina ga na mai shagon kayan masarufi?

Amma na ga ranar da aka yi abin da ya kamata. An sace Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, a farkon Disambar 2021, aka kama mai makarantarsu Abdulmalik Tanko a Janairun 2022 ta hanyar bin sawun neman kuɗin fansa, aka tono gawar a inda aka binne ta, Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa ranar 28 ga Yulin 2022. Shi ma an yi holensa, shi ma ya yi magana a gaban rakodojinmu, amma ba maganar ce kaɗai ta riƙe shari'ar ba, akwai abin da za a taɓa da hannu a nuna wa alƙali. Kuma kada mu yaudari kanmu, idon duk ƙasar yana kan shari'ar, shi ya sa kundin bai kwanta ba ko na mako guda.

Dokoki sun ƙaru tun bayan abin da na ba da labari. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaukar furucin wanda ake zargi a bidiyo da kuma a gaban lauya, an yi dokar hana azabtarwa a 2017, Kano ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2019, Legas kuma ta haramta holen waɗanda ake zargi a 2021. Sashe na 36 na tsarin mulki kuwa tun da can ya ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Masu tasowa su karanta waɗannan da kansu, kada su jira lauya ya fassara musu a bakin kotu.

Sauran abin da na koya gajeru ne. A nemi mai wankan gawa da mai unguwa kafin a nemi kakakin kowace hukuma. A duba wuyan hannu da tafin ƙafar wanda ake yi wa tambaya. Jimlar “ana ci gaba da bincike” a rubuta ranar da aka faɗe ta, a koma bayan wata uku a tambaya. Kada a goge sautin asali ko da an cika kwamfuta. Kisan kai ba ya ruɓewa a doka, don haka duk mai cewa magana ta wuce ra'ayinsa ya faɗa. Tun daga wancan lokaci ban sake saka muryar wanda ke zaune a ƙasa da ankwa ba, hakan ya jawo min takardar gargaɗi biyu da tsallake ni a ƙarin girma sau ɗaya, kuma ina ajiye da takardun.

Editan nan ya ci gaba, yanzu har gayyatarsa ake yi ya koyar da ɗa'ar aikin jarida, na taɓa zama a sahun baya ina saurarensa. Yaron yana tura baro a wata kasuwa a garin nan, yana ɗingishi, mukan gaisa. Kundin dattijon yana cikin durowa ta biyu a teburina, da filas ɗin da kwafin shafin littafina, lambar 'yarsa kuma tana rubuce a bangon ciki. Takan kira a watan Sha'aban, watan da aka kashe shi, ta tambaya ko an ji wani abu. Wanda zai gaji teburin ya riƙa ɗauka.