Kafin ka ce a ƙara wa esinka gas, duba ƙurar da hunturu ya bari

Da zarar Maris ya raba, zafi ya fara ɗagawa a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, sai wayoyin masu gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, su hau ruri. Kusan kowa magana ɗaya yake yi: "Malam, esina ba ya sanyi, a zo a ƙara masa gas." Mu da muka gaji wannan sana'a a gida, uba da 'ya'ya a shago ɗaya, abin da muke fara gaya wa maigida shi ne ya ajiye maganar gas tukuna. Yawancin na'urorin da ke gazawa a Afrilu, tun cikin hunturu ciwon ya kama su.

Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai laushi kamar gari, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A watannin nan esi a kashe yake, babu mai waiwayarsa. Injin waje kuwa yana nan a jikin bango, ƙura na shiga tsakanin siraran ganyen alminiyam da ke bayansa har ta toshe su. Aikin wannan injin shi ne fitar da zafin da aka kwaso daga ɗaki. Idan iska ba ta ratsa ganyen, zafin ba ya fita, matsin gas ya hau, kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas yana zagaya shi, ta ja wutar da ta fi ƙa'ida, ta yi zafi, sai makarin da ke cikinta ya yanke ta. Alamar ba ta ɓuya: da safe da dare esi yana sanyi lafiya, amma da azahar, lokacin da zafin gari ya haura digiri 40, sai ka ji fankar waje na juyawa, kwamfiresa kuwa shiru. Bayan ta huce ta sake tashi. Kwamfiresar da ta yi mako biyu ko uku tana wannan tashi da faɗuwa, ƙarshenta ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada a cikin na'urar gaba ɗaya.

Shi ya sa lokacin wanki shi ne ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ƙura ta lafa, zafi bai kankama ba. A fara da kashe wuta daga bireka, kada a tsaya a rimot kawai. A ɗaga murfin ɓangaren esin da ke cikin ɗaki a zaro ragar tace ƙura guda biyu, a wanke su da ruwa da ɗan garin sabulu, a shanya a inuwa, don rana tana lanƙwasa robar. Wannan kowa zai iya, kuma a bazara ya kamata a maimaita shi duk mako biyu. A waje kuma, a share ganyen da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, yadda layinsu ya tafi. In aka goga a gicciye za su lanƙwashe su toshe hanyar iska. Sannan a sa tiyo da ruwa mai matsakaicin ƙarfi har sai ruwan da ke fita ya daina zama ja. A rufe akwatin wayoyin da ke gefe da leda kafin a fara, a kuma bar injin ya bushe sarai kafin a mayar da wuta. Injin wankin mota mai tsananin ƙarfi yana kwantar da ganyen gaba ɗaya, mun fi so a nisance shi.

Akwai wurin da mutane ba sa gani: doguwar fankar da ke cikin na ɗaki, mai kama da gora. Haska tocila ta bakin da iska ke fitowa. Idan ka ga baƙin datti ya daskare a haƙoranta, iskar da take turowa ta ragu ƙwarai ko da raga tana da tsabta. Wankinta na mai gyara ne, domin sai an kwance murfi an ɗaura ledar tarar ruwa.

Bayan wanki a kunna, a jira minti 15, a auna zafin iskar da ke shiga ta sama da wadda ke fitowa ta ƙasa. Tazarar digiri 8 zuwa 12 tana nufin na'ura lafiyarta ƙalau. Sai in tazarar ta gaza haka ne za a tayar da zancen gas.

Gas ɗin esi ba man fetur ba ne da ke ƙarewa da aiki. Zagayawa yake yi a rufaffen bututu, kuma in ya ragu, to yoyo ne. Wanda ya ƙara maka gas bai nemo inda yake zurarewa ba, bayan 'yan makonni za ka sake kiransa. Yawanci yoyon yana wurin notocin da suka haɗa bututun jan ƙarfe da injin. Dubi wurin da kyau: maiƙo da ƙura ta manne a kai shi ne shaida, domin man kwamfiresa yana bin gas ya fito. A shafa kumfar sabulu, inda ta yi ƙwai nan ne. Bututu biyu ne ke shiga injin waje, siriri da babba: ƙanƙara a kan siririn galibi ƙarancin gas take nunawa. In kuwa a kan babban bututu take ko a fuskar na ɗaki, fara zargin datti da ƙarancin iska.

Idan ya tabbata gas ne, a duba takardar da ke manne a gefen injin waje. Tana faɗin nau'in gas da nauyinsa a giram. Tsofaffin na'urori R22 suke sha, wanda ake janyewa daga kasuwa sannu a hankali ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbi kuma R410A ko R32. Ba a haɗa su, ba a kuma musanya su, don matsinsu da man da ke tafiya da su sun bambanta. A geji, wato ma'aunin matsin gas, R22 yakan tsaya wajen psi 60 zuwa 70, R410A kuwa wajen 110 zuwa 130 lokacin da injin ke aiki, amma awo da sikeli ya fi geji tabbas. R410A haɗin gas biyu ne, don haka a ruwansa ake zuba shi. R32 yana iya kama wuta, ba a kusantar da walda sai an tabbatar bututu ya wofinta. Kuma duk lokacin da aka buɗe bututu, sai an sa injin zuƙe iska na minti 15 zuwa 30 kafin a zuba gas. Wannan matakin shi masu gaggawa suka fi tsallakewa, kuma danshin da ya rage a ciki shi ke lalata mai ya ci kwamfiresa a hankali. Maigida yana da haƙƙin ya tambaya: ina injin zuƙe iskar?

Sai wuta. An ƙera esin gida ya yi aiki da bolt 220 zuwa 240, amma a bazara, kowa ya kunna nasa, wutar unguwa takan yi ƙasa sosai. Kwamfiresa ta yi gurnani ta kasa tashi, tana jan wuta mai yawa a banza. Sitabilaiza mai jinkirin minti uku ita ce kariya, domin in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, matsin gas bai daidaita ba, tashi a lokacin yana wahalar da injin. Irin wannan gurnani kuma sau da yawa kafasita, mai taimaka wa kwamfiresa tashi, ita ce ta mutu, ba kwamfiresa ba. Ƙaramin gwangwani ne a akwatin wayoyi, in kansa ya kumbura to ta tafi. Lambarta tana jikinta, ta esi mai doki ɗaya da rabi takan kasance 30 zuwa 35, a sa daidai da wadda aka cire. Tana riƙe wuta ko bayan an kashe bireka, kada wanda bai iya ba ya sa hannu. Kafin ka yarda a canza maka kwamfiresa, ka ce a gwada kafasita a gabanka. A kuma taɓa filogi da soket bayan awa ɗaya ana aiki: in sun yi zafi ko sun fara baƙi, waya ta yi siriri ko haɗin ya saki.

Sa rimot a 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da wuri, hana kwamfiresa hutu kawai yake yi. Digiri 24 zuwa 26 ya isa. Injin waje ya sami aƙalla santimita 30 tsakaninsa da bango, gabansa a buɗe. Kejin ƙarfen da ake sa wa saboda ɓarayi, a yi shi da faɗin ido.

Damina matsalarta ruwa. Danshi ya yi yawa, esi na tara ruwa fiye da kullum, in bututun fitar da shi ya toshe sai ya biyo bango ya sauka kan katifa. Sau da yawa zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a bakin bututun. A zuba ruwa kofi biyu a tiren na ɗaki a ga ko ya fita waje, kuma bututun ya gangara ƙasa, kada bakinsa ya nutse a bokiti. Masu esin inbata, mai allon lantarki a injin waje, su toshe ramin da bututu ya ratsa bango da ƙofofin akwatin waje, domin tsaka ɗaya in ta kwanta kan allon lantarki ta haɗa wuta, gyaran ba ƙaramin kuɗi ba ne. In hadari ya taso da tsawa, a kashe daga bireka.

Idan Nuwamba ya zagayo, a wanke raga, a bar fanka kaɗai ta yi awa biyu don ciki ya bushe, a cire batirin rimot, a lulluɓe injin waje da buhu ko tamfol. Sai dai a tuna a cire kafin a sake kunnawa. A lokacin ne kuma hitar ruwan wanka ke dawowa aiki. Kada a kunna ta sai an buɗe famfon zafi an ga ruwa na zuba ba tare da tari ba, domin elemen, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, in ya yi zafi a busasshen tanki nan da nan yake ƙonewa. A saita ta a digiri 55 zuwa 60. Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin ɓawo a jikin elemen, wanda ke sa ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, sai a kwance a kankare. A ɗaga hannun bawul ɗin kariya a ga yana zubar da ruwa, a kuma tabbatar da wayar ƙasa tana haɗe. In famfon banɗaki yana ɗan jan hannu da wutar lantarki, a kashe hita a kira mai gyara a ranar.

Masu ɗumama ɗaki da kaskon gawayi kuwa, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mai barci a rufaffen ɗaki. A ji ɗumi taga a buɗe, a fitar da kaskon tsakar gida kafin a kwanta.