Kada Ku Ari Baki Ku Yanke wa Littafi Hukunci

Ƙannena masu son karatu, maza da mata, a garin nan namu ra'ayi a kan littafi ya fi littafin kansa saurin yawo. Tun kafin ka ga bangonsa ka riga ka ji hukuncinsa: "ya haɗu", "shirme ne", "ɓata tarbiyya ne kawai", "ai ita marubuciyar nan ba ta iya ƙarasa labari ba". A majalisa za ka ji, a aji za ka ji, a waya ma za a turo maka. Mafi yawan waɗannan maganganu na aro ne, wani ya ji daga wani, shi ma wancan bai karanta ba. Na san haka ne domin na daɗe ina yawo da irinsu a bakina, kuma sun cuce ni, sun sa na cuci wasu.

Lokacin samartakata, a shekarun 1990, littattafan soyayya sun cika Kano. Ana sayar da su a kasuwar Sabon Gari da wajen Bata, a unguwanni kuma ga shagunan haya, inda yarinya za ta aiki ƙaninta ya karɓo mata na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Masana suka sa musu suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi yana sukarsu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare su. Waɗannan mutane duk sun karanta kafin su yi magana, ko da ra'ayinsu ya saɓa. Ni kuwa kanun zancen kawai na tsinta daga bakin manyanmu, na riƙe shi da ƙarfi kamar ni na gano shi. Duk littafin da na ga an zana saurayi da budurwa a bangonsa, na gama da shi. Har ƙanwata na sha ƙwace wa littafi a hannu ina yi mata faɗa, ban taɓa tambayarta me ke ciki ba.

Sai daga baya, da girma ya fara zuwa, na zauna na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Na shiga ina jiran kalaman ƙauna da wasiƙun masoya. Abin da na tarar shi ne Rabi, uwar 'ya'ya tara, da mijinta ɗan kasuwa wanda yake ƙuntata mata a kuɗin cefane alhali yana da hali, ya auro wata ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Labarin kuɗin makaranta ne da kuɗin magani, da yadda dangi ke taruwa su matsa wa mace ta koma gidan da aka wulaƙanta ta idan duniya ta juya wa mijin baya. Babu layi a cikin birni ko a waje da ba a san irin gidan nan ba. Na bi shi da Wa Zai Auri Jahila?, a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole. Wato abin da nake fizgewa daga hannun ƙanwata magana ce a kan rayuwar da take gani a maƙwabta, wadda kuma take tsoron ta same ta. A wajenta wannan ba nishaɗi kaɗai ba ne.

Kada ku fahimce ni a baibai. A cikin littattafan nan akwai tarkace da yawa. Akwai wanda aka ja labarinsa aka yi ta ja don kawai ya kai na uku da na huɗu a ƙara samun ciniki, akwai wanda ba a bi ƙa'idar rubutu ba ko kaɗan, akwai wanda bai kamata yarinya ƙarama ta riƙe ba. Amma wanda ya karanta ne kaɗai zai iya nuna maka wanne ne wanne. Wanda bai karanta ba, ko dai ya haɗa su duka ya yabe, ko ya haɗa su duka ya tsine. A 2007, da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a nan Kano ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gwamnatin jiha na gyaran tarbiyya, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a bakin masu murna na riƙa jin tsofaffin maganganuna, kalma da kalma. Sannan a 2012, da Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci aka buga shi a Indiya, sai ga waɗanda suka raina shi suna yabo, don sun ji baƙi sun yaba. Wannan ma aro ne, baki kawai aka canza.

Yabon da ba a karanta ba shi ma cuta ne, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Kowa a ƙasar Hausa zai ce maka babu kamar Magana Jari Ce. Ka tambaye shi labari nawa ya karanta a cikin kundin nan uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, sai ka tarar ɗan abin da aka koya masa a firamare ne. Ni ma haka nake, ina ɗaga Alhaji Abubakar Imam ina dukan matasan marubuta da shi, ina cewa su kwaikwayon fina-finan Indiya suke yi, shi kuwa daga ƙwaƙwalwarsa ya ƙago. Ashe ba haka ba ne. Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare, kamar yadda a Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar rubutu da Bature Rupert East ya shirya a 1933, ya ci moriyar littattafan Larabci da ya karanta. Gwanintarsa ita ce ya mayar da su namu, har ka ji kamar a bayan gidanku abin ya faru. Don haka idan ka ce wani marubuci ya kwaikwaya, ba ka gama magana ba tukuna. Sauran ka faɗa mana ko ya iya narkar da abin ya zama Hausa, ko kuwa sunayen mutane kawai ya sauya ya bar komai yadda ya same shi. Wannan ita ce sukar da za ta amfani marubucin, ta amfani mai sauraronka.

Ga littattafan da ba ƙagaggu ba kuwa, na tarihi da na rayuwar mutane, kuskurena ya juya fuska. Su ban raina su ba, gaskata su na yi fiye da kima. A tunanina duk abin da aka buga da sunan tarihi ya zauna ke nan. Na sha yin gardama a majalisa cewa Bagauda ya hau mulkin Kano a shekarar 999, Yaji a 1349, Muhammadu Rumfa a 1463, ina faɗa kamar akwai wanda ya tsaya a wurin da alƙalami yana rubuta kwanan wata. Sai da na karanta a kan shi kansa kundin Tarihin Kano na gane yadda abin yake. Da Larabci aka rubuta shi, babu sunan marubuci a jikinsa, ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, kuma abin da yake bayarwa shi ne tsawon mulkin kowane sarki. Shekarun da muke haddacewa lissafi ne aka yi da baya-baya daga wannan tsawon mulki, kuma sun yaɗu ne ta fassarar Turanci da H. R. Palmer ya fitar a 1908. Wannan bai rage wa kundin daraja ba ko ɗis, taska ce da garuruwa kaɗan ke da irinta. Amma labari ne na sarakuna daga mahangar fada, kuma mai karatu ya kamata ya san haka. Talakan da ya yi rini a Ƙofar Mata ko ya yi fatauci zuwa Gwanja, sai ka neme shi a wasu littattafan. Haka kuma idan ka karanta labarin shigowar Turawa Kano a 1903 daga alƙalamin Bature, ka tuna wanda ya ci yaƙin ne ke ba ka labari.

Saboda haka duk littafin tarihi ko na rayuwar wani babba da ya shigo hannunka, ka fara da shafin da kowa ke tsallakewa. Wa ya rubuta, a wace shekara, wa ya ɗauki nauyin bugawa, mece ce alaƙarsa da wanda yake ba da labarinsa. Littafin da aka ƙaddamar a gaban mai shi, ana tara kuɗi, da wuya ka sami aibunsa a ciki. Ka karanta shi, za ka ƙaru, amma ka nemi na biyu. Littafin addini kuwa yana da nasa ladabi da iyayenmu suka sani tun daga Ahalari da Ishmawi har Risala: a gaban malami ake buɗe shi, ba a gina hukunci a kan abin da mutum ya fahimta shi kaɗai a ɗaki.

Sai maganar yadda za ka faɗi ra'ayinka, kuma a nan ne na fi jin nauyi. Wata matashiya ta taɓa ba ni rubutunta na farko in duba. Na karanta kaɗan daga farko, na ga wata mata a labarin tana yi wa mijinta rashin kunya, sai na mayar mata ina cewa irin wannan ne ke lalata gidaje. Ban kai inda labarin ya nufa ba, ban kuma bambance tsakanin marubuciya da matar da ta ƙirƙira ba. Ban sake jin ta yi rubutu ba. Wannan zalunci ya fi faɗa wa mata marubuta a wajenmu: namiji ya rubuta ɓarawo ba a ce shi ɓarawo ne ba, mace ta rubuta fitinanniya sai a fara kallonta. Yanzu da mata ke ƙara fitowa, musamman tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, ku yi hattara da wannan, domin kalma ɗaya daga babban yaya ko malami tana iya kashe alƙalami.

Idan ba ka gama littafi ba, babu laifi, ba kowane littafi ne ya cancanci lokacinka ba. Amma ka faɗi gaskiya: na tsaya a wuri kaza, saboda kaza. Ka kuma raba "bai yi mini ba" da "ba shi da kyau". Ni littattafan yaƙi da aljanu ba sa riƙe ni, amma na ga samarin da su ne suka fara sa su zama su karanta shafi ɗari da Hausa ba tare da an tilasta musu ba, daga nan suka wuce zuwa wasu. Ba ni da hurumin ce musu sun ɓata lokaci. Idan za ka yaba, ka nuna wurin: ga hirar da ta yi kama da maganar mutane ta gaskiya, ga inda marubucin ya san kasuwa ko asibiti da idonsa. Idan za ka soka, ka nuna wurin haka nan. Ba wanda ke sayen shadda a Kantin Kwari da jin labari, sai ya sa hannu ya murza, to kai ma ka ba mai sauraronka abin da zai murza. Kada kuma ka tona masa ƙarshen labari don ka nuna ka karanta.

Wanda ya zo maka da hukunci, ka tambaye shi cikin ladabi ko ya karanta har ƙarshe, da kuma abin da ya fi tsaya masa a rai. Mai karatu na gaskiya zai ji daɗin tambayar ya yi ta zuba, na aro kuwa zai koma kan "ai kowa ya sani". Ku nemi irin na farkon ku riƙe su, ko a makaranta, ko a laburaren Murtala Muhammad, ko a cikin masu sayar da littattafai na Kurmi da Sabon Gari, waɗanda wasunsu sun fi mai digiri sanin abin da ke kan teburinsu. Idan kuma ƙaninka ko ƙanwarka ta zo da littafin da kake shakka a kansa, ka ce ta ara maka kwana biyu, ka karanta, sannan ku zauna ta fara faɗar abin da ta gani a ciki kafin ka faɗi naka.