Abin da ɗaurin kwale-kwale ya koya min

Satina na farko a aikin kwale-kwale, ni dai a ganina ɗauri mai kyau shi ne wanda ka ƙulle tamau, ƙulli kan ƙulli. Ranar da iska ta taso jirgin ya dinga fizgar igiya, ga ta a jiƙe, ƙullin ya cije ya zama kamar dutse, na sa farce na sa haƙori ya ƙi, ƙarshe sai wuƙa maigidana ya sa muka yi asarar igiya mai kyau.

Washegari ya zaunar da ni ya nuna min na zarge. Sirrin ɗan kaɗan ne wallahi, maimakon ka zura bakin igiyar gaba ɗaya sai ka ninka ta ka zura ninkin, kamar dai kunnen igiyar takalmi, ka bar wutsiya tana lilo. Ja ɗaya ta warware ko da kana cikin jirgin. Amma dole ka san wane ɓangare ke ɗauke da nauyin jirgi wane ne wutsiya, in ka juya su, jirgin da kansa zai kwance kansa.

Daga nan na ɗauki abin da zafi, har na koyi wanda Turawa ke kira ƙullin ɗan fashi, ninki uku ne wani cikin wani, yana sakin turke gaba ɗaya ba sai ka zare igiya ba. Yana da daɗin aiki sosai, sai dai ba shi da amana in nauyi ya yi yawa, musamman igiyar nailan mai santsi a kan turke mai kauri, birkicewa yake ya saki. Na taɓa dawowa na tarar jirgin ya bar gaɓa, Allah ya taimaka ruwan a kwance yake.

Yanzu kafin kowane ƙulli sai na naɗa igiyar sau biyu a turke, don wannan naɗin shi ke riƙe yawancin nauyin, ƙullin tsare shi kawai yake. In sauke mutane zan yi in juya, zarge ya isa. In zan yi nisa sai in zura wutsiyar cikin kunnen don ko an taka ta kada ta kwance. Kwana kuwa ba na barin jirgi a kan zarge sam, kuma ina sassauta igiyar kaɗan saboda ruwa na iya ƙaruwa ko ya ja baya kafin safiya.